Amsoshin Tambayoyinku: Hypersonic Ta Ƙi Tashi a Sabuwar Kwamfuta

TAMBAYA: Ina da ɗan sutudiyo a Kano inda nake haɗa kiɗan waƙoƙin biki da na finafinai. Na sayi sabuwar kwamfuta, na sa mata FL Studio da Ableton Live, amma fulogin ɗina Hypersonic 2 ta ƙi fitowa a cikinsu. Kusan duk tsofaffin ayyukana da sautinta na yi su. Don Allah ina mafita?

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Matsalar ta bambancin zamani ce. Kamfanin Steinberg ya fitar da Hypersonic 2 a 2005, lokacin da manhajoji ke kan tsarin bit 32, ya kuma daina sabunta ta tun kafin duniya ta koma bit 64. Manhajar bit 64 ba ta iya buɗe fulogin na bit 32 a cikinta kai tsaye, sai an sa wata 'yar manhaja a tsakani, wadda ake kira gada. Aikinta kamar na tafinta ne: tana tayar da fulogin ɗin a gefe, tana kai masa saƙon MIDI, tana dawo da sautinsa.

Kafin komai, ka girka Hypersonic daga ainihin faifanta ko fayil ɗin girkawarta. Da yawa sukan kwafo fayil ɗin dll kaɗai daga tsohuwar kwamfuta, sai fulogin ta buɗe amma shiru, domin sautukanta suna wata jaka daban, kuma wurin girkawa ne Windows ke rubuta inda suke. Ka lura da jakar da dll ɗin ya sauka. Yawanci tana cikin Program Files ɗin da ke da x86 a ƙarshen sunansa, ƙarƙashin VstPlugins.

FL Studio na Windows yana da tasa gadar a ciki. Ka shiga Options, ka danna Manage plugins, ka ƙara waccan jakar cikin jerin wuraren da yake dubawa, sannan ka sa shi ya sake bincike. Da ya gane ta bit 32 ce, shi da kansa zai haɗa gadar. REAPER ma haka yake yi.

Ableton ne mai ɗan aiki. Tun daga Live 10 da ya fito a 2018, bit 64 kaɗai yake karɓa, kamar yadda Cubase ya yi tun daga na 9 a 2016. A nan sai ka nemi jBridge, manhaja ce ta saye amma ba ta da tsada. Za ka nuna mata jakar tsohon dll, ka kuma buɗe sabuwar jaka da babu komai a ciki. A sabuwar za ta ajiye wani ɗan fayil na bit 64 wanda ke kiran na asali. Sabuwar jakar za ka nuna wa Ableton a wajen saitin VST2, ba tsohuwar ba. Kada ka goge na asali, kada ka matsar da shi, in ba haka ba gadar ta yanke. Idan ta yi gardama, ka buɗe jBridge da Ableton da ikon mai gudanarwa.

In kuwa Mac ce ka saya, wannan hanyar a rufe take, domin tun macOS Catalina na 2019 Apple ta daina tayar da duk wani abu na bit 32.

Akwai kuma batun lasisi. Hypersonic ta asali tana buƙatar makullinta na USB a jikin kwamfuta. Fasassun kwafin da ke yawo a filasha daga sutudiyo zuwa sutudiyo kan zo da bairos, kuma babu wanda za ka nemi taimakonsa idan sun lalata aiki.

Ko da komai ya tashi, ka sa ran ganin fuskarta ƙanƙanuwa a sabon allo, kuma takan tsaya cak idan ka buɗe kwafinta da yawa, tunda abin da ke bit 32 ba ya iya cin ma'adanar da ta wuce gigabait 4.

Saboda haka shawarata ita ce, ranar da ta tashi, ka fara kwashe kayanka. Buɗe tsofaffin ayyukanka ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da kowane layi na Hypersonic a matsayin WAV, ka ajiye MIDI ɗinsa a gefe, ka rubuta sunan sautin da ka yi amfani da shi. Sautukan da ka fi so, na fiyano ko sarewa ko ganga, ka naɗe su daki-daki ka zuba a samfila. Sababbin ayyuka kuma ka fara gwada HALion Sonic, wadda Steinberg ta fitar ta gaji Hypersonic. Steinberg ta daina ba da lasisin VST2 ga sababbin masu ƙira tun 2018, don haka wata sabuntawa na iya rufe ƙofar kowane lokaci, amma fayil ɗin WAV kowace manhaja za ta buɗe shi. Allah Ya ba da sa'a.