Idan Na'ura Ta Haddace Sirrin Mutane

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu sarrafa harshe suna koyo ne daga tarin rubuce-rubucen da aka kwaso daga intanet. Aikinsu shi ne hasashen kalmar da za ta biyo bayan wadda ta gabata. An daɗe ana zaton tsarin harshe kawai suke ɗauka, wato nahawu da yadda kalmomi ke haɗuwa. Wani bincike da aka fitar a watan Disamba 2020 ya nuna cewa sukan haddace wasu sassan rubutun kalma da kalma.

Cikin masu binciken akwai Eric Wallace, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, tare da Nicholas Carlini da wasu. Sun gwada GPT-2, manhajar da kamfanin OpenAI ya fitar a 2019. Sun sa ta ƙago ɗaruruwan dubban gajerun rubuce-rubuce, sannan suka ware waɗanda take furtawa da tabbacin da ya wuce kima, domin wannan alama ce ta hadda. Daga cikin 1,800 da suka tantance, 604 sun fito daidai yadda suke a rubutun da aka horar da ita da shi. A ciki har da sunayen mutane, lambobin waya da adireshin imel.

Binciken ya gano abubuwa biyu. Na farko, gwargwadon girman manhaja, gwargwadon yawan abin da take haddacewa. Na biyu, maimaita magana a cikin rubutun horarwa na ƙara haɗarin a haddace ta.

Wannan darasi ya shafi ɗaliban ilimin harsuna kai tsaye. Mai tattara hirarraki, wasiƙu ko saƙonnin WhatsApp domin gina rumbun rubutun Hausa amana ce a hannunsa, don wata rana ana iya horar da na'ura da abin da ya tara. Wajibi ne ya nemi yardar masu magana, ya share sunaye da lambobi, ya kuma cire abin da aka maimaita kafin ya saki rumbun. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma aikin bincike na jami'a bai fita daga hurumin wannan kulawa ba.