Yaro mai tauna riga ko yanka ta

Tufafi suna da tsada. Kafin magidanci ya ɗinka wa yaro rigar salla, sai ya kai tiya da yawa ta hatsi ko ta wake kasuwa. Shi ya sa ran uwa yake ɓaci in ta tarar da wuyan rigar a tattaune, ko ta ga an huda gabanta. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tsumagiya. A doki yaro, ya yi kuka, ya yi shiru. Bayan kwana 2 a sake ganin wata huda.

Da farko a duba hudar da kyau, don ba kowace huda ce aikin yaro ba. Gara tana cin tufafin da aka ajiye ƙasa ko jikin bango. Ɓera da kyankyaso suna bin rigar da miya ta zuba a kanta. Tartsatsin wuta yana barin ƴar huda mai baƙin baki. Haƙori kuwa wuyan riga da bakin hannu yake ci: zare ya tsattsinke, wurin ya yi tauri da busasshen miyau. Yankan almakashi ko reza a miƙe yake. Yara da yawa sun sha duka a kan laifin gara.

In an tabbata tauna ce, sai a dubi shekarun yaro. Jinjiri yakan fara haƙora wajen wata 6. Kafin ya cika shekara 3, haƙoransa na nono guda 20 sun gama fitowa. A wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi, duk abin da ya kama baki zai kai, har zanen goyo. Wannan ba laifi ba ne. Uwa ta wanke hannu, ta shafa masa dasashi da yatsa. Ta ware masa ƙyalle mai tsabta, ta riƙa wanke shi da sabulu tana shanyawa a rana. Ta cire maɓalli da duwatsun ado daga rigarsa, don suna iya maƙale masa a wuya. In zawo ko zafin jiki mai ƙarfi ya zo, kada a zauna ana cewa haƙori ne. Ƙazantar da yake kaiwa baki ita ke kawo zawo, kuma gidan likita ne wurin zuwa.

Maganar yaron da ya wuce shekara 3 dabam take. Wani damuwa ce ke sa shi tauna. An yaye shi, an kai shi wurin kaka. Ko an haifa masa ƙane, bayan uwa ya zama na wani. Ko an sa shi lakwal, yana tsoron mushe da manyan yara. Ba ya da bakin faɗin abin da ke ransa, sai wuyan riga ya zame masa nono. Uwar da ta lura za ta ga taunar tana da lokacinta: da marece in ya gaji, ko in ana faɗa a cikin gida, ko in tuwo ya yi jinkiri. Duka tsoro yake ƙara masa, tsoron kuma ya ƙara taunar. Wasu suna shafa barkono a wuyan riga. Barkonon a idon yaro yake ƙarewa.

Abin da ya fi shi ne a cire rigar daga bakinsa ba da tsawa ba, a ba bakin wani aiki. Goriba tana da kyau ga yaro mai shekara 4 ko 5, haka ma rake da takanɗa. A ba hannunsa aiki shi ma, ya ɓare wake, ya watsa wa kaji dawa. Ranar da riga ta wuni a bushe, a yaba masa a gaban ubansa.

Akwai taunar da ke nuna ciwo. In yaro yana haɗiye zare, yana cin ƙasa, ko gawayi, ko yana lasar bango, sau da yawa jininsa ne ya yi kaɗan. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba, a dubi tafin hannunsa. In sun yi fari, a kai shi gidan likita. Masassara da tsutsar ciki suna rage jini, kuma likita yana da maganinsu. Kada a saya masa ƙwayoyi wurin mai talla a kasuwa. A gida a ƙara masa wake, da zogale, da kifi, da hanta in an samu. Zare da ƙyallen da aka haɗiye suna iya toshe hanji. Yaron da cikinsa ya kumbura, yana amai, ya kasa kashi, ba a jira da shi sai gobe. Haka nan wanda ke tauna ba hutawa, ga shi bai fara magana ba, ba ya juyowa in an kira sunansa, likita ya kamata ya fara ganinsa tun kafin a ce iskoki ne.

Mai yanka riga shi kuma yawanci koyi yake yi. Ya ga tela yana ratsa yadi da almakashi, ya ga wanzami da aska, yana son ya gwada. Laifin farko na wanda ya bar reza a ƙasa ne. Rauni da tsohuwar reza mai datti yana iya kawo ciwon nan da ke sandarar da jiki, haƙora su sarƙe. A ajiye almakashi da reza inda hannunsa bai kai, tsohuwa kuma a jefa ta cikin masai. A roƙo masa guntayen ƙyalle wurin tela, a ba shi kara da tsohuwar takarda, ya yanka babba yana zaune kusa. A gaya masa a fili: wannan na yanka ne, riga ta sawa ce.

Rigar da ya huda kada a yar da ita, kada kuma a yi gaggawar sayen sabuwa. In ya kai shekara 6 ko 7, a zaunar da shi ya sa zare a allura, ya riƙe ƙyallen ana yin maho. Ya ci gaba da sa ta da mahonta wajen wasa da kiwo. Ta salla a naɗe ta cikin adaka, a ɗora adakar bisa duwatsu saboda gara.