Yadda ake wuni a kan keke daga Gazawa zuwa Gidan Rumji

Kafin ka taɓa keken, fara da shawarar inda za ka fuskanta. Titin ƙasa mai lamba ɗaya, wanda ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram, shi ne ya ɗinke Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa, kuma tsakanin farkonsu da ƙarshensu akwai kusan kilomita 150. Lokacin da jiki ke iya ɗaukar wannan tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya haura digiri 40. To amma a watannin nan iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa. Wanda ya tashi daga Maraɗi ya yi gabas, da iska zai wuni yana kokawa, ƙura na shiga masa ido. Don haka ka kwana a Gazawa, ka yi yamma, iskar ta riƙa tura ka ta baya. A ganina wannan shawara ta fi tsadar keke muhimmanci.

Tun da yamma ka kai keken wurin mai faci. Ya duba birki, ya ɗaure wayoyin ƙafa, ya sa wa sarƙa mai, kaɗan kawai, domin mai da yawa yashi yake kamawa. Ka sayi tib na ajiya, da faci da gam, da ƙaramin famfo. Kada ka goya kaya a baya. Ɗaure su a kan kariya da roba. Ruwa lita huɗu, dabino, ƙuli-ƙuli, rawani na rufe hanci, da katin shaida a aljihun da hannu zai kai da sauri, saboda shingayen jandarma. Kuɗi kuma a canza su ƙanana, mai ƙosai ba ta da canjin jika biyar da sassafe.

Ka yi Asuba, ka sha koko, amma ka jira gari ya waye sosai kafin ka hau titi. Awa uku na farko su ne jarinka. Kada sanyin safiya ya ruɗe ka ka yi tsere. Riƙe takun da za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba. Da haka za ka shiga Agye hantsi bai yi zafi ba.

Tsakanin Gazawa da Cadawa ne ya kamata mutum ya ɗaga kai ya dubi gonaki. An gama girbi, rumbuna sun cika, jajayen awakin Maraɗi na kiwo cikin karan hatsi, wasu manoman na ta fama da haƙar aya, wadda wannan yanki ya yi suna da ita. Ko'ina kuma itatuwa ne tsaye cikin gonaki: gawo, kalgo, sabara, aduwa. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar nan ta yi fili fetal, sai manoma suka koma barin tohon kututture idan sun zo sassabe, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su datse sauran. Shi ake kira sassaben zamani, kuma ƙauyen Ɗan Saga, arewa da Agye, har daga ƙasashen waje ake zuwa ganin yadda mutanensa suka tsare itatuwansu. Mai keke ya fi kowa cin moriyar wannan aiki, domin gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi lif, daidai lokacin da matafiyi ke neman inuwa.

Sai dai idan za ka ratse zuwa inuwar, sauka ka tura keken, ko ma ka ɗauke shi. Gefen titi cike yake da tsidau da ƙayar aduwa. In taya ta sace, bayan ka fitar da tib ka bi cikin tayar da yatsa a hankali sai ka cire ƙayar, in ba haka ba sabon facin ma ba zai kai ka gari na gaba ba.

Titin ba naka ba ne kai kaɗai. Manyan motocin fasinja da na kaya suna wucewa da gudu, iskarsu kaɗai tana iya yar da mutum. Ka ji ƙaho a bayanka, sauka daga kwalta, kada ka yi gardama. Ranar kasuwar wani gari kuwa, amalanken shanu da na jakai da 'yan kabu-kabu ne za su cika bakin hanya, sai ka rage gudu tun daga nesa.

A Cadawa ka cika gorunanka, ko da ba su ƙare ba. In ƙishi ya kama ka a ƙauye, kada ka nufi rijiya kai tsaye. Tsaya wurin dattawan da ke zaune bakin masallaci, ka sauka, ka yi sallama: “Sannunku da hutawa, Baba. Matafiyi ne, a taimaka mini da ruwa.” Za a tambaye ka daga ina, zuwa ina, a yi mamaki, wataƙila a kawo maka fura. Karɓa ka sha. A nan ne kuma za ka ji labarin hanyar da ke gabanka, wanda ya fi na kowace waya sabunta.

Ka yi ƙoƙari Azahar ta same ka a Maraɗi ko kusa da ita. Ci abinci mai gishiri, ka miƙe ƙafa a inuwa, kada ka koma kan sirdi sai rana ta karya. Daga nan Tsibiri ba nisa, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda fadar Sarkin Gobir take har yau, a bakin Gulbin Maraɗi.

A Tsibiri za ka yi lissafi na gaskiya. Saura kusan kilomita 40 zuwa Gidan Rumji, ranar hunturu kuma gajera ce. Idan La'asar ta yi sanyi kana nan, ko gwiwa ta fara magana, kwana. Tun 2019 ƙauyukan wannan yanki ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma ɓarayin daji na tsallako iyaka ta kudu. Kada ka bar kwalta ka bi hanyar yashi, kada Magariba ta same ka tsakanin gari da gari.

In ka isa da sauran rana, nemi masauki, ko ka gabatar da kanka wurin mai unguwa. Wanke ƙura, sha ruwa da yawa, goge sarƙar keken. Komawa gabas kuwa, tunda iskar ba za ta juya dominka ba, je tasha da safe a ɗaure maka keken a saman mota.