Darasin Wannan Wata: Ina Iyakar Ƙarfin Majalisar Ɗinkin Duniya?

Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, mukan ji mutane suna tambaya, "Ina Majalisar Ɗinkin Duniya take?" Domin mu sami amsa, ya kamata mu fahimci yadda aka gina wannan majalisa.

An kafa ta a shekarar 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yau tana da ƙasashe 193. Amma ikon tura sojoji da sanya takunkumi yana hannun Kwamitin Sulhu mai wakilai 15. Biyar daga cikinsu, wato Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa, suna da kujerun dindindin, kuma idan ɗaya ta hau kujerar na-ƙi, ƙuduri ya faɗi ke nan, ko da sauran 14 sun yarda. Bugu da ƙari, majalisar ba ta da sojojin kanta. Aron su take yi daga ƙasashe, kuɗinta ma daga gare su yake fitowa.

Ruwanda ta nuna mana sakamakon wannan tsari. A watan Janairu na 1994, kwamandan sojojin majalisar a can, Janar Romeo Dallaire na ƙasar Kanada, ya aika da gargaɗi zuwa hedkwata cewa ana shirin hallaka 'yan ƙabilar Tutsi. Ba a ba shi izinin ƙwace makaman ba. Ranar 6 ga Afrilu aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana, kisa ya fara. Washegari aka kashe sojojin Beljiyam 10, sai Beljiyam ta janye nata. Amurka kuwa, wadda ta yi asarar sojoji 18 a Mogadishu a 1993, ba ta son sake shiga wani rikici a Afirka.

Nijeriya tana cikin Kwamitin Sulhu a lokacin, kuma wakilinta, Farfesa Ibrahim Gambari, ya nemi a ƙara wa rundunar ƙarfi. Duk da haka, ranar 21 ga Afrilu kwamitin ya yanke shawarar rage ta daga kimanin soja 2,500 zuwa 270. A watan Mayu aka amince da tura 5,500, amma ƙasashe suka yi ta jan ƙafa har kisan ya ƙare a Yuli. Cikin kwana 100, an kashe mutane wajen 800,000, da yawansu a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Sojojin Gana da suka tsaya tare da Dallaire sun ceci dubban rayuka, abin da ya nuna cewa da an ba da ƙarin soja, da an ceci fiye da haka.

To, kada mu ce majalisar ba ta da amfani. A tsakiyar gabar da ke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, ƙasashen biyu sun goyi bayan Hukumar Lafiya ta Duniya wajen yaƙi da cutar agana, har aka bayyana a 1980 cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: inda manya suka sa hannu, aiki ya yiwu, inda suka naɗe hannu, bayin Allah suka mutu.

Tun a 1963 Paparoma Yohanna na 23, cikin wasiƙarsa Pacem in Terris, ya koyar cewa matsalolin da suka shafi dukan 'yan Adam suna bukatar hukuma ta duniya mai isasshen iko, wadda al'ummai suka kafa bisa yardarsu. Wannan aiki bai kammala ba tukuna.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyinmu:
1. Shin adalci ne ƙasa ɗaya ta iya hana abin da ƙasashe 14 suka yarda da shi?
2. Wane alhaki ke kan wanda ya sami gargaɗi, yana da ikon hana ɓarna, amma ya yi shiru?