Muna Son Buga Wasanmu na Waya a Takarda, Baba Ya Ce Caca Ce

Anti, ni ɗaliba ce mai karatun kwamfuta a Zariya. Ni da ƙanena mun ƙirƙiri wasan kati a waya, inda Gizo da Ƙoƙi da Kura da Dodo ke fafatawa. Abokai sun karɓe shi hannu bibbiyu, har suna cewa mu buga katunan a takarda, a riƙa saye ana tarawa kamar na Pokémon. Na yi niyyar zuba kuɗin adashina gaba ɗaya, a rufe katunan cikin 'yan fakiti, kowa ya saya ya gwada sa'arsa. Da Baba ya ji sai ya ce karta ce, caca ce, ba a gidansa ba. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ina mafita?

'Yarki daga Zariya

'Yata, Allah ya yi wa basirarku albarka. Amma riƙe kuɗin adashin nan tukuna, domin akwai wahalar da waya ke ɗauke muku wadda ba ki sa a lissafi ba. Ita ke gauraya katunan, ita ke ƙirga ƙarfin da ya rage wa Gizo bayan Kura ta kai masa cizo, ita ke hana magudi. Da zarar an baje katunan a tabarma, duk wannan ya koma kan 'yan wasa. In har sai an ɗauko biro ana lissafi a kowane zagaye, yara za su watse su bar ki da kayanki.

Waɗanda suka riga ki sun ci karo da wannan. Wasan kwamfuta na Slay the Spire, wanda aka kammala a 2019, da aka mayar da shi na tebur sai da aka rage lambobinsa: jarumin da ke farawa da rai 80 ya koma 10, sara mai cin maki 6 ya koma 1. Katin da ake ƙara wa ƙarfi kuwa, sun buga sabuwar fuskarsa a bayansa, suka zura shi a rigar leda mai duhun baya. In lokaci ya yi, sai ka zaro shi ka juya. Shadowverse na ƙasar Japan ya fito a waya a 2016, na takardarsa ya biyo a 2022. A waya kati da kansa yake rikiɗa. A takarda dole suka ware wa kowane ɗan wasa wani ƙaramin tari na katunan rikiɗa a gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Idan Dodo ya fi ƙarfin kowa a waya, cikin dare ɗaya za ki rage masa. Idan kin buga shi dubu, ya zauna ke nan. Don haka ki yanka kwali, ki rubuta katunan da hannu, ki miƙa wa mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba, ki ja bakinki ki yi shiru. Duk inda suka tsaya suna gardama, dokar wurin ce ba ta fito ba. Sai wannan ya daidaita za ki nufi maɗaba'a. Girman da aka saba shi ne milimita 63 da 88. Ki nemi samfur, ki ɗaga shi a rana: in ana hango zanen ta baya, takardar ba ta yi ba.

Batun Baba kuma, yana da hujja. A wasannin kati, rufaffen fakiti ya yi tashe ne da Magic: The Gathering a Amurka a 1993, Pokémon ya bi sahu a 1996. Yara biyu su biya kuɗi ɗaya, wannan ya ci karo da kati mai tsada, wancan ya tashi da tarkace, gobe ya koma ya sake saye. Cinikin biri a sama ke nan. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na cikin wasannin bidiyo da ake saye da kuɗi a matsayin caca. Fatawa ta malamai ce, amma ni ba zan so a gina sana'arki a kan kuɗin tarar 'yan makaranta da ke bin sa'a ba.

Ki sayar da kwali cikakke, a rubuta duk katunan da ke ciki a bayansa. Bana kwalin Gizo, baɗi na Kura. Masu tarawa za su tara, kowa kuma ya san abin da ya saya.

Kada ki tsaya musu da mahaifinki. Ki fara ba shi haƙuri kan shirin da kika yi bai sani ba, Umma ko wani kawunki ya shige miki gaba. Ki gaya masa kin janye batun fakitin sa'a, ke da ƙanenki ku yi zagaye ɗaya a gabansa da katunan kwalin, ya ga babu sisi a tsakani, sannan ki roƙe shi ya kai maganar wurin malamin da ya yarda da shi. In ya amince, ki fara da bugu kaɗan da sulusin kuɗin. In ya ce a'a, ki dakata da bugun, ki ci gaba da gyara dokokin a kwali.