Darasi: Ruwan Famfo da Lafiyar Iyali

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna zaton duk ruwan famfo mai tsabta ne. Ba kullum ba.

Daga Gulbin Rima ake jawo ruwa zuwa birnin Sakkwato. A gidan ruwa ana tace shi, a zuba masa magani. Amma kafin ya iso Ƙofar Dundaye, sai ya bi bututu. In bututu ya tsage a cikin kwata, ran da aka ɗauke ruwa ƙazanta takan shiga ta tsagar. Da ruwa ya dawo, ita za ta fara isa randarmu. Ta haka amai da gudawa ke shiga gida. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, har da mutanen Jihar Sakkwato.

Ga abin da za mu yi:
1. Ruwan farko mu zuba wa shuka.
2. Na sha mu tafasa shi sosai, minti ɗaya.
3. Mu rufe randa, mu rataye moɗa.
4. In bututu ya fashe, mu sanar da Hukumar Ruwa.

Tambaya domin taronmu: Wa zai duba bututun unguwarmu a watan nan?