Shawarwari bakwai ga maigidan da dukiyarsa ke kasuwa

Ɗan kasuwarmu, daga Kantin Kwari har Dawanau, yakan riƙe lissafinsa a ka: wa yake bi, wa ke binsa, kuɗin wa ke cikin jarin. Muddin yana raye komai na tafiya daidai. Ran da ta Allah ta kasance, sai iyali su tarar da shago cike da kaya, ba wanda ya san nawa ne nasu a ciki.

1. Raba aljihun shago da na cefane. Buɗe wa kasuwancin asusunsa a banki, ka yanka wa kanka albashi duk wata. In jari ya yi kauri, yi rajistar kamfani a hukumar CAC. Tun dokar 2020 mutum ɗaya tak na iya kafa ƙaramin kamfani. Rajistar sunan kasuwanci kawai tana ɗaure da kai ne, amma kamfani yana ci gaba bayan ranka. Magada sai su gaji hannun jari, ba sai an karya kayan shago an raba kuɗin ba.

2. Rubuta bashi, naka da na mutane. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma mu kunya ke hana mu ce wa aboki ya sa hannu. Abin da ya fi ban tsoro shi ne kuɗin amana: ƙanwarka ta sayar da sarƙarta ta ba ka ka juya mata, matar marigayi wanka ta kawo rabon marayu, uwargida ta zuba kuɗin adashinta. Duk sun narke cikin jari, shaida kuwa sai Allah. Bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara fitarwa kafin wasiyya da gado, har da ragowar sadakin da ba ka cika ba. Wanda ba shi da takarda ko shaidu, sai ya koma roƙon abin da yake haƙƙinsa. Littafi guda ya isa: suna, adadi, kwanan wata, shaidu biyu. Masu binka ba sa mantuwa, su kam za su zo tun ana zaman makoki. Waɗanda kake bi ne sukan yi shiru.

3. Kada ka jira ma'aikatan haraji su yi maka kintace. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, kuma naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Mai kasuwanci da sunan kansa yana biya ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa, kamfani kuma ga hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Riba ake yi wa haraji, ba cinikin da ya shigo ba, sai dai wanda bai ajiye rasit na sari da haya da kuɗin mota ba, da me zai nuna ribar? Zakka kuwa, ɗaya cikin arba'in, hanyarta daban. Biyan wannan ba ya sauke wancan.

4. Ma'aikaci yana da fansho, kai ba wanda zai ba ka. A 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, inda kake zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambaya ko akwai asusun da ba ruwa a cikinsa. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017. A ganina kada a zuba dukiyar duka a takarda, ganin yadda tsadar kaya ke cin darajar naira. Gidan haya ko gona su tsaya a gefe.

5. Gyara takardun fili da gida tun kana da ƙafa. Takardar ciniki mai sa hannun dillali da mai unguwa ba ta kai shaidar mallaka ta gwamnati ba. In kuma ka ba matarka ko 'yarka gida kyauta, to ka miƙa shi da gaske, da mabuɗi da takarda da shaidu. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu takan koma cikin gado.

6. Sunan makusancin da ka rubuta a fom ɗin banki bai mai da shi magaji ba, kuma banki ba zai sakar masa kuɗi ba sai da takardar kotu. Jera duk asusunka, har na manhajar waya, da hannun jarin da ka saya tun shekarun baya ka manta, ka nuna wa mutum biyu amintattu inda takardar take.

7. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Yi amfani da ita ga waɗanda rabon ba zai kai gare su ba: jikokin da mahaifinsu ya riga ka rasuwa alhali kana da wasu 'ya'ya maza, yaron shagon da ya ƙare ƙuruciyarsa a hidimarka, ko rijiya da makaranta na waƙafi. In kana da ƙananan yara, ambaci wanda zai riƙe musu rabonsu, ka tambaye shi tukun ko ya amince. Ka zauna da malamin da ya san ilimin gado ya duba abin da ka rubuta, lauya kuma ya duba ɓangaren kamfani da filaye.